Dashen Mutane a Danau Kota

Lokacin da muke zaune a Danau Kota, ba zafin Kuala Lumpur ne damuwata ba, ba kuma ruwan da ke tsugewa duk la'asar ba. Bakin 'yata ta fari ne. Mun zo da ita da Hausarta tsaf, har da tsiwa, amma kafin ta gama firamare sai ka yi mata Hausa ta mayar maka da Turanci, ta liƙa "lah" a ƙarshe. Wata rana surukata ta kira daga Kano ta ce a ba ta takwararta. Yarinya ta riƙe waya tana ta "yes, okay", har tsohuwa ta gaji ta ce da ni, "Anya 'yar nan tamu ce kuwa?" Kunya ta kama ni, tsoro ma ya kama ni, domin gida za mu koma, kuma ban ga yadda zan kai wa dangi baƙuwa ba.

Maigidana, wanda gwamnati ta turo yin digiri na uku a kan kwakwar manja, ya kafa doka: a gidan nan duk wanda bai yi Hausa ba, ba a ji shi ba. Da gaske yake yi. Ko ruwa ka roƙa da Turanci sai ya ci gaba da kallon kwamfutarsa. Ita kuwa da taurin kan da ta gado, ban ce daga wa ba, sai ta zaɓi shiru. Ta koma nuni da yatsa da gyaɗa kai.

Ana cikin haka wani ɗan unguwarsu maigidan ya sauka, ya zo karatu bai sami ɗaki ba. Aka ce kwana biyu zai yi. Aka kwashe yarinya da littattafanta aka kai ta ɗakin ƙannenta maza. Kwana biyun Bahaushe kuwa an san shi. Bawan Allah ya shanya singiletinsa a tagarta, ya saba da girkina, daga baya har ya jawo abokinsa daga unguwar Wangsa Maju, wai can sun yi yawa. Na cika na batse, amma baƙon miji ne, sai na dinga huce haushina a kan tukwane.

Wata Asabar da rana yarinyar ta ajiye wa babanta littafin tarihi a cinya ba ta ce uffan ba. Makarantarsu manhajar Ingila take bi, an ba su aiki a kan dalilan da suka sa mutanen Ireland suka yi ta yi wa Ingila tawaye ɗaruruwan shekaru da suka wuce. Ya gyara tabarau, idonsa ya faɗa kan kalma guda da aka ja wa layi: plantation. Fuskarsa ta washe.

"Mamana, ai kin kawo kuka gidan da ya dace," ya ce. Haka yake kiranta saboda sunan mahaifiyarsa ne da ita. "Wannan field ɗina ne. Zauna."

Ina kicin ina ji. Ya bayyana mata cewa Turawan Ingila sun ƙwace gonaki sun shuka kwakwar manja layi-layi, irin wadda muke wucewa a hanyar filin jirgi, suka tilasta wa mutane aikinta. Ya zana mata bishiyar. Ya shiga bayanin ƙwaron da ke cin zuciyarta, wanda babi guda ne a bincikensa.

Na leƙo da ludayi a hannu. "Abban yara, ƙasar da sanyi ke hana mutum fitowa, ita ce da kwakwar manja?"

"To roba ce ke nan."

"Robar ma ai zafi take so."

"Wai ni ke PhD a plantation ko ke?"

Na taɓa koyar da tarihi a sakandare, ko da yake ban taɓa bi ta kan Ireland ba. Na zare littafin na karanta a tsaye, miya tana tafasa. Ashe ba bishiya aka dasa ba, mutane ne. Masarautar Ingila ta ƙwace filayen sarakunan gargajiyar Ireland, musamman a arewacin ƙasar, ta kwaso mutane daga Ingila da Scotland ta zaunar da su a kai, masu wurin suka koma 'yan kallo a ƙasar kakanninsu. Ga bambancin ɗarika, su Katolika, masu mulki ba Katolika ba. An ture shari'arsu ta gado da yadda suke naɗa shugabanni, an yi dokoki a kan harshensu da suturarsu, har da yadda suke barin gashi. Duk na faɗa da Hausa, tunda doka ce, kuma na ja muryata yadda Daktan namu zai ji daɗin ji.

Maigidan ya yi gyaran murya ya ce ai kusan abin da ya faɗa ke nan. Ban kula shi ba, domin yarinyar nake kallo. Idonta yana kan ƙofar tsohon ɗakinta, inda munsharin mutum biyu ke fitowa. Sai ta miƙe ta tsaya a gabansa.

"Abba, ke ce Ingila."

Ludayi ya kusa suɓuce min. Rabon da in ji cikakkiyar jimlar Hausa a bakinta har na manta.

"Ke ƙwace ɗakina. Ke dasa uncle. Uncle ya dasa wani uncle. Ke ce no English, no Malay, komai tak boleh, komai an hana. Ni Ireland ne. Zan yi... Umma, what's rebellion?"

"Tawaye," na ce, na toshe baki da gefen mayafi.

"Zan yi tawaye lah."

"Namiji kai ake ce masa," in ji babanta.

"To. Kai ce Ingila."

Daidai nan baƙon farko ya buɗe ƙofa yana miƙa, ya tambaya ko an sauke abinci ko ya je kedai, wato shago, ya yi tapau, a ƙunso masa. Ya dubi fuskokinmu ya koma ya rufe ƙofa a hankali.

Maigidan ya yi ƙoƙarin kare kansa. "Amma Mamana, su harshensu aka hana su. Ni naki nake so ki yi."

"In nawa ne, ka bar ni in yi wrong," ta ce. "Kullum na yi Hausa uncle yana dariya, yana repeat. Kowa yana dariya. Ni ba comedy ba ne."

Dariyar da nake ɓoyewa ta ɗauke. Tausayinta ya kama ni ƙwarai. Ashe ba rasa Hausar ta yi ba, ɓoye ta ta yi.

Na zuba ido in ga abin da zai yi, mutumin da ko ni ban isa in yi masa gyara a gaban yara ba. Ya cire tabarau ya goge ido, ya rufe littafin a kan zanen bishiyarsa. Ya ce baƙi za su nemi wuri cikin satin nan, shi da kansa zai raka su. Sannan ya gyara zama.

"Sai me kuma na yi?"

Ta ci gaba. Ya hana ta iyo a kududdufin wankan ginin. Yana cinye mata roti, gurasar can, in an sayo daga shagon abinci na mamak. Yana kiranta Mamana a gaban ƙawayenta. Ta yi ta zubawa, ke da kai suna ta musayar wuri, bai gyara mata ko ɗaya ba. Miyata ta kama a tukunya, na bar ta ta kama. Da laifuffukan suka ƙare ta yi shiru tana haki, sai na ga hankalinsa ya tashi, yana lalube.

"Ba ki faɗi na kekenki da na ba wa ƙaninki ba," ya ce. "Faɗi wannan ma, Mamana. Ina jin ki."