Randar Zauren Gidanmu

Gidanmu na Fagge kakana ne ya gina shi bayan ya zo daga Borno. Ginin ƙasa ne mai rufin azara, zaurensa yana kallon hanyar da ta taso daga tashar jirgin ƙasa. Yau ya zama gidan tarihi na unguwa. Masu zuwa kallo suna tambayar zanen bango da tsufan ƙyaure. Ni randa nake tunawa.

A shekarun alif ɗari tara da hamsin, ina 'yar elementare, randar tana zaune a kusurwar zaure kan yashi mai laima. Ta masu wucewa ce, ba ta 'yan gida ba. Aikinta yana da tsari, kuma mahaifiyarmu, Inna, ba ta yarda a taɓa shi. Da farko a kwashe ruwan jiya a ba bishiyar lemo. Sannan a wanke ta da soso. Sannan a kife ta kan kaskon turare har hayaƙi ya kama cikinta, yadda matan Barebari suke yi. Daga nan a tace ruwa da farin ƙyalle, a rufe da faifai, a ɗora moɗa. Wanda ya tsallake ɗaya sai ya sake daga farko. Na sha sakewa.

In jirgin Ikko ya iso, zauren cika yake. Fasinjoji, 'yan dako, ma'aikatan reluwe da baƙin mai a hannu, kowa ya sha ya yi hamdala ya wuce. Akwai wata Bayarabiya mai sayar da atamfa a Sabon Gari, muna ce mata Iya. Ba ta wucewa sai ta leƙo.

"Inna, wannan ruwa ne ko turare? Maigida ya ce ina nake zuwa da nake dawowa bakina yana ƙamshi!"

"Ki ce masa gidan masu tsabta kike zuwa. Kuma riƙe moɗar da hannun dama, Iya."

Da ciwon ajali ya kama Inna, ba ta yi mini zancen sarƙa ko zane ba. Cewa ta yi, "Kada ki bar zauren nan babu ruwa." Na amsa, kuma na cika alkawari, har girma ya zo, 'yan uwa suka watse, muka yarda a mai da gidan na tarihi.

Ranar da na fara komawa, na tarar an kewaye randar da igiya, a bushe ƙayau. Na kira mai kula da gidan.

"Malam, ina ruwan?"

"Hajiya, zo ki gani." Ya nuna mini tsaga daga wuyanta har ciki. "In muka zuba mata ruwa, ba za ta kai damina ba."

Na shafa wurin. Gaskiyarsa ce. Randar ta gama aikinta, amma alkawari yana wuyana. Washegari na sayo sabuwa, na sa aka zuba yashi a ɗaya kusurwar, nesa da igiya. Na zaunar da mai kula da gidan na jera masa aikin ɗaya bayan ɗaya. Ya wanke, ya tace, ya cika, ya ɗora moɗa yana murmushi.

Na ɗebo na kai baki. Babu ƙamshi.

"Malam, ka tsallake turare. Kwashe, mu sake daga farko."