Farar Mota a Ƙofar Gidan Gurza

Ana sallame sallar asuba muka tashi daga Kaduna, ni da wani abokin aikina da direban kamfani. Aikina a kamfaninmu na auduga shi ne ɗaukar ma'aikata da ƙarin girma. Muna da gidan gurza, inda ake raba auduga da irinta, a gefen hanyar Funtua zuwa Dandume, wanda manajansa ya gamu da shanyewar ɓarin jiki tun bayan kaka. An sallame shi cikin mutunci, amma har bazara ta kankama ko dilar auduga ɗaya ba ta iso masaƙa daga can ba. Manya suka ce in je in duba ma'aikatan wurin, in zaɓo wanda zai hau kujerar.

A Zariya muka karya da koko da ƙosai. Daga Giwa hanya ta fara nuna halinta, direbanmu yana kauce wa rami yana faɗawa wanda ya fi shi, kowane karo kuma sai ya ce laifin mota ne. Gonaki an share su fes, an tara taki tsibi-tsibi, ana jiran ruwan fari. Gabas kuwa ta ɗan yi duhu.

Funtua tana nan yadda na santa, manyan motoci bakin titi, mangwaro har ya fi masu sayensa yawa, kwano guda sule biyu. Muka tsaya cin shinkafa wurin wata Bayarabiya haifaffiyar garin, wadda Hausarta ta fi tawa daɗi. Da ta ji inda muka nufa, sai ta ce, "Ku gaishe da Manaja."

Na ce, "Ai ya bar aiki, Hajiya."

Ta dube ni, ta ci gaba da zuba miya. "To, ku dai gaishe shi."

Kafin azahar muka isa. Wanda ya san gidan gurza ya san tun daga nesa ake jin rugugin inji, a ga farin gashin auduga ya maƙale a bishiyoyi. Mu kuwa babu abin da ya tarbe mu sai kukan kurciya. Ƙofa a buɗe, tsakar gida a share. Auduga, ko kaɗa kamar yadda suke cewa a can, ga ta nan jibge a fili kamar duwatsu, ba rufi. Ma'aikata suna zazzaune a inuwa cikin kayan aiki, kowa kusa da wurin aikinsa, babu mai hira. Da muka yi sallama suka miƙe gaba ɗaya, suka amsa a hankali kamar masu zaman makoki.

Na kira babban makanike na tambaye shi ko inji ya lalace. Ya ce lafiyarsa ƙalau, kullum ana shafa masa mai. Na ce to me ya hana a tayar? Sai ya waiga wajen ƙofa. Na tambayi mai kula da sito dalilin barin kaɗa a fili ga hadari yana haɗuwa. Shi ma ya waiga. Duk wanda na yi wa magana sai idonsa ya tsallake kafaɗata ya tafi wuri guda. Nan na juya.

Ƙarƙashin wata bishiyar maɗaci akwai farar mota, gabanta yana fuskantar ma'aikata. Mun wuce ta da muka shigo, na ɗauka babu kowa ciki. Ashe tsohon manajan ne a kujerar baya, da hula da babbar riga. Direbansa, wani dattijo, ya ce kowace safiya sai ya yi ta bugun gado da hannunsa mai lafiya har a sa masa kaya a kawo shi, ba ya yarda a tafi sai an tashi aiki. Ba ya magana. Ma'aikata kan je su durƙusa bakin taga su faɗi abin da suke son yi, su tsaya suna duban fuskarsa, su dawo ba su san ko ya yarda ba.

Na je na gaishe shi. Rabin fuskar ya zube, amma idanun nan a raye suke, ba su ƙifta ba har na gama. Ana zafi kamar a gasa gurasa, ni kuwa tsikar jikina ta tashi. Abokin aikina, wanda bakinsa bai huta ba tun Kaduna, ya koma mota ya zauna.

Na yini ina ganawa da manyan ma'aikata ɗaya bayan ɗaya a ofishin akawu, don babu wanda ya yarda a buɗe na manaja. Mutanen kirki ne, wasu sun fi shekara goma a wurin, amma duk wanda na ce zai iya riƙe ma'aikatar sai ya ce a rufa masa asiri. Daga ƙarshe makaniken ya rage murya ya ce idan da gaske nake, in nemi Malam Rasaki a Ƙarfi ta wajen Malumfashi, shi ne mataimakin manaja na ƙarshe kafin a kore shi.

Muka kwana a Funtua, da safe muka bi ta Bakori zuwa Malumfashi. Hanyar ta fi ta jiya kyau, ga 'yan fura a kowace mararraba. A Ƙarfi ba mu sha wahala ba, ƙarar injin niƙansa ce ta kai mu. Mutum ne gajere mai fara'a, iyayensa 'yan kasuwa ne daga kudu, shi kuwa a Funtua aka yanke masa cibiya. Ya sa aka kawo mana fura, ya saurare ni har na gama.

Ya ce, "Ranka ya daɗe, ba wawaye ka gani ba. Manaja ya san aiki, shi ya gina wurin nan. Amma duk wanda ya fara iya aiki, sai ya tara mutane ya ɗaga masa babban yatsa, ya ce madalla. Ranar da ya yaba maka, ka je ka fara ɗaure kayanka, ba za ka ga sabon wata a wurin ba. Waɗanda suka rage su ne suka koyi kada a gan su."

Na ce kujerar tasa ce idan yana so. Ya dubi gabas. Ya ce yawancin kaɗar nan ta manoman Mahuta da Dandume ce, ya san su, idan ruwa ya dake ta baɗi babu mai shukawa. Zai zo, amma sai ya fara gaida Manaja.

Da la'asar muka koma. Iska ta fara kaɗawa, gari ya yi duhu. Malam Rasaki ya sauka ya nufi farar motar, ma'aikata suka taso suka tsaya nesa. Ya durƙusa ya ce, "Baba, na dawo. Zan tayar da inji."

Tsohon ya zuba masa ido. Can sai hannun nan mai lafiya ya taso a hankali, ya fito ta taga, babban yatsa a sama.

Wani daga bayana ya ce, "Innalillahi." Na ga mutane suna ja da baya. Har yau ban san me tsohon yake nufi ba, ko sa albarka ce, ko abin da ya saba. Malam Rasaki ma na ga gumi ya keto masa. Amma ya kama hannun da hannu biyu, ya mayar da shi cikin mota, ya ce, "Na gode, Baba." Ya miƙe ya kira makanike da sunansa, ya ce su je. Ya kira mai sito ya ce tamfol nawa ke akwai, a fito da su duka, kuma kada ya sake tambayar kowa kafin ya rufe kaɗa.

Da injin ya tashi har ƙasa sai da ta girgiza, tsuntsaye suka watse daga rufin. Ana jan tamfol na ƙarshe yayyafi ya sauko. Ban ga lokacin da farar motar ta tafi ba.

Washegari muka kamo hanya, ƙasa tana ƙamshin ruwan fari, manoma sun fito da iri. Muka iso Kaduna lafiya bayan azahar.

Abin da tafiyar nan ta koya mini shi ne, ba a gane shugaba ranar da yake kan kujera, sai ranar da ya kasa tashi. Wanda ya kori duk mai iya gadonsa bai tsare kujerar ba, kansa ya ɗaure a bakin ƙofa. A taron manajojin rassa da aka yi bayan dawowata, na roƙi kowa ya faɗi sunan wanda zai riƙe masa aiki idan ya kwanta ciwo gobe. Ɗaya ya yi dariya ya ce, "Allah ya kiyaye." Sauran suka sunkuyar da kai, aka rasa mai kiran suna.