Ɗan'inna Wanzami Ya Cika Alkawarin Aski

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Ranar Laraba, 8 ga Rajab, 1406, bayan la'asar, Allah Ya karɓi ran Ɗan'inna Wanzami, mutumin Damagaram mazaunin unguwar Ƙiblatain a Madina. An yi masa salla a Harami, aka kai shi maƙabartar Baƙi'a. Rannan na yi kuka, amma da na zauna rubutun nan sai na ga murmushi nake yi. Safiyyatu mai ɗakinsa ta yi mini uzuri, ta san dalili.

Ɗan'inna, duk gidan da aka yi haihuwa a cikin jama'armu ka shige shi da zabirarka. Hausawa, Barebari, Shuwa, mutanen Sudan da Cadi, har Larabawa Badawiyyan da ke saukowa daga ƙauyuka domin ƙaho. Shi ya sa ka riga mu ganin yadda amosanin jini ya ratsa dangogin da ba sa aure sai a tsakaninsu. Mu muna cewa wabi ne, ana huda wa jariri kunne. Su Badawiyya suna gasa ƙarfe su ɗana wa yaro a inda yake ciwo. Yara dai na ta tafiya.

Kai ma ka ɗanɗana. Ɗanka Ali ya rasu yana ƙarami, likita ya zaunar da kai ya ce ciwon gado ne, sai uwa da uba duk suna ɗauke da shi yake kama ɗa, kuma jinin irin yaran nan ba ya isarsu. Tun daga ranar ba ka ƙara yi wa mai wannan ciwo ƙaho ko tsaga ba. Uba ya yi fushi, ya kira ka ragon wanzami, kai kuwa ka riƙe masa hannu har mustashfa, wato asibiti.

Haka ka yi mana da jikata Innayatu. Tana rarrafe hannuwanta da ƙafafunta suka kumbura, idonta ya yi rawaya, tana kuka ba ta ko kama nono. Na kawo ta na ce ka tsaga. Ka buɗe tafin hannunta ka duba, ka mayar da aska cikin zabira.

"Bakano, jinin da bai ishe ta ba, shi zan ƙara ɗiba? Tashi mu je ga daktur."

Mata suka riƙa raɗa cewa ba za ta yi ƙarko ba, kada a saba da ita. Ka ji, ka ɗauke ta ka ce a gaban kowa, "Amaryata ce wannan. Wallahi ni zan aske wa ɗanta kai." Aka yi dariya. Ka mayar da maganar nan gaisuwa. In ciwo ya tashi a kwanakin sanyi tana murƙususu, sai ga ka da ruwan ɗumi da bargo, kana tsokanarta: "Sha, amarya, askata na jira." Wani lokaci tana hawaye take ce maka, "Kaka, askarka ta yi tsatsa."

Da Awwalu, ɗalibin jami'a, ya zo neman aurenta, ita ma tana son sa, ka ce sai an yi masa tahalili, wato gwajin jini. Dattawa suka ce ba a san mu da haka ba. Ka ce ai ba a san mu da jirgin sama ba, amma shi ya kawo wasunmu. Awwalu ya je da ƙafarsa. Takarda ta fito, na karanta da karatuna na makarantar yamma, wanda kake cewa tsohon biri ya shiga aji. Babu ciwon a jininsa. Bayan haka gidaje da dama suka bi.

Cikin Innayatu ya zo da wuya. An ƙara mata jini, an riƙe ta a gado, kai kuma kana kwance a gida, ciwon ajali ya fara cin ka. Ina zirga-zirga tsakaninku, ban san wanda zan rasa ba. Kullum tambayarka ɗaya: ta sauka? Ta sauka lafiya, namiji.

Ranar suna, Talata, ɗanka Lurwanu ya sako ka a mota ya kawo ka gidanmu a unguwar Sultana. Aka jingina ka da matashi, aka ɗora maka jariri a cinya. Ka fara buɗe tafin hannunsa, don sabo. Ka yi bisimilla ka ja aska sau ɗaya, Lurwanu ya ƙarasa. Innayatu na leƙe ta bayan labule, ka ce, "Amarya, ta yi tsatsa?" Gida ya ɗauki guɗa. Ka juyo gare ni ka ce, "Shi ma in ya tashi aure, a gwada shi, a gwada yarinyar. Ka ji, Bakano?" Na ji.

Washegari ka tafi.

Ya Allah, Ka jiƙan bawanKa, Ka haskaka kabarinsa, Ka sada shi da ɗansa Ali, Ka sa maƙwabtakar Manzo, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ta amfane shi. Ka sauƙaƙa wa duk yaran da ke fama da wannan ciwo. Safiyyatu, Lurwanu, da dangi na nan da na Damagaram, Allah Ya ba mu haƙuri.

Mutane da yawa ba su san sunanka na yanka ba sai ranar Talata, da liman ya raɗa wa jaririn, ya ce Idrisa. Yanzu Idrisa yana barci a kafaɗata, kansa fes.

Shu'aibu, kakan Innayatu
Sultana, Madina