Duwatsun Wuyan Inna da Takardar da Na Sa wa Hannu

Wanda ya karɓi kayan mutum don ya gyara, haƙƙin da ke kansa shi ne ya mayar da ainihin abin da aka ba shi, ba mai kama da shi ba. Wannan haƙƙi aka tauye mini a wani kantin kayan ado da ke Wuse, kuma zan faɗi yadda aka yi bi da bi, har da nawa kuskuren.

Mahaifiyarmu, wadda muke kira Inna, ta rasu ta bar mana duwatsun wuya jajaye irin na da, waɗanda ake kira tsakiya, guda talatin da uku a zare ɗaya. Ba a raba su a gado ba. An bar su a hannun yayata da ke zaune a Kuje, bisa sharaɗin duk 'yar da za a aurar a zuriyarmu ta sa su ranar kamu, a mayar. Da bikin jikar Yaya ya matso, aka tarar zaren ya ruɓe. Idanun Yaya sun yi rauni, ƙafa kuma ta ƙi, sai ta ɗaure su a bakin zane ta miƙo mini.

"Ke da ke cikin gari, ki kai a sake zare. Amma ki zauna a kansu har a gama. Inna ba ta taɓa barinsu sun kwana a hannun wani ba."

Na daɗe ina shiga irin waɗannan ƙananan kantuna da ke sayar da aikin hannu da tsofaffin kayan ado. Na sayi zoben azurfa a ɗaya, 'yan kunnen tagulla a wani. Wanda na zaɓa na wata matashiya ne mai fara'a, tana da dattijon maƙeri da ke aiki a wani lungu bayan labule. Ta juya duwatsun a tafin hannunta, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce aikin sai ya kwana uku.

"Mama, ba wahala. Kayanki yana hannu mai kyau."

Na yi rayuwar aikina kaf a ɗakin ajiyar fayil na wata ma'aikata, inda na koyi cewa abin da aka rubuta ba ya ɓata. Saboda haka ban zauna ba. Na nemi takarda, na sa aka rubuta "jajayen duwatsu talatin da uku", ta sa hannu, na sa hannu, aka buga hatimi. Na fito ina ganin na fi Inna dabara. Ranar karɓa na ƙirga su sau biyu, suka cika, na sake sa hannu cewa na karɓi kayana lafiya.

A Kuje, a gaban matan gida, Yaya ta karɓa ta ɗora su a kuncinta. Ta ƙwanƙwasa ɗaya a haƙorinta.

"Waɗannan ba na Inna ba ne. Na Inna ko an ajiye su a rana, sanyi suke yi a fata. Wannan kwalba ce." Ta juyo inda take jin numfashina. "'Yar boko, nawa aka ba ki?"

Na zaro takardar daga jaka na fara karantawa. Ta ce in riƙe abata, ita ba ta ga takarda ba ko lokacin da take da ido. Amarya ta yi kamu da wuya wayam, ni kuma na zauna a bakin ƙofa kamar baƙuwa.

Na koma kantin. Kafin in yi magana, idona ya faɗa kan sababbin sarƙoƙi da aka jera cikin gilashi, na fata da tagulla, kowace da tsohon jan dutse ƙwaya ɗaya tal a ƙirjinta. Ɗaya yana da ɓalli a gefe. Na san ɓallin nan. Ina yarinya na yar da duwatsun a kan dutsen niƙa, na sha duka a kansa.

Mai kantin ba ta ɗaga murya ba. Ta fito da nata kwafin ta shimfiɗa a gabana.

"Mama, ja ne ko ba ja ba? Talatin da uku ne ko bai kai ba? Wannan ba sa hannunki ba ne?"

Sa hannuna ne. Dole na sayi sarƙar da ke ɗauke da dutsen nan mai ɓalli a farashin da aka liƙa mata, don kada dutsen ya bi sauran. Ina fita, dattijon maƙerin ya biyo ni bakin matakala, yana goge hannu da riga.

"Hajiya, ki gafarce ni. Zare ɗaya na tsofaffi ba ya sayuwa da sauri, amma in an watsa shi ɗaya-ɗaya, Turawa da matan manya rububi suke yi. An ce in watsa, na watsa. Ina da iyali a Durumi."

Na kai wa Yaya dutsen ɗaya. Ta taɓa shi, ta gane shi, ta ce ashe har na rage wa kaina na tunawa. Tun ranar nan ba ta ƙara amsa gaisuwata ba, kuma jikinta ƙara lalacewa yake yi.

Don haka nake roƙon shugabannin ƙungiyar masu shaguna na wannan wuri, cikin girmamawa, su binciki inda duwatsu talatin da biyu suka tafi, su kuma ba wa maƙerin tabbacin cewa ba zai rasa abincinsa ba idan ya faɗi gaskiya. Ba diyya nake nema ba. Ina neman a haɗa ni da shi da wakilinku guda, mu je Kuje, ya maimaita a kunnen yayata abin da ya faɗa mini a bakin matakala, tun tana iya ji.