Gadar da Ta Binne Mani Fadama

Gadar da Turawa suka gina a ƙoramar ƙauyenmu ita ta binne mani fadama, kuma har yau ba wanda ya ce mani sannu. Na daɗe ina faɗar haka da baki. Yanzu da na koyi rubutu da furfurata a ajin yaƙi da jahilci, na ce bari in sa a takarda, don bakina ya gaji.

Ƙauyenmu yana tsakanin Kankiya da Kusada. Fadamar tana ƙasa da mashigi kaɗan, ita kaɗai mijina ya rasu ya bar mani da ɗiya huɗu. Albasa nake sawa, da ɗan rake a gefe. Da ita muke ci.

Da rani masu aikin hanya suka zo, ƙorama ta bushe ƙayau. Injiniya Bature ɗaya, da tafintansa, sai mazan ƙauyen da aka fiddo ɗaukar dutse. Suka cike gefe biyu na ƙoramar da ƙasa don gadar ta gajarta, suka haƙa ramin ginshiƙi iya ƙugu, suka ce ya isa.

Mu mata mun san bai isa ba. Kowane rani nan muke tonon ruwa. Mu haƙa yashi har mu nutse a ciki, mu kafa randa marar gindi don kada ramin ya rufta, mu riƙa kwalfa da ƙoƙo. In damina ta wuce aka je dubawa, yashi lumui kamar ba abin da ya taɓa shi, amma randar ba ta nan, sai dai a tsinci tsingaronta can ƙasa wajen kukoki. Wato ruwa kan kwashe yashin nan fiye da tsayin mutum, in ya lafa ya cike ramin da wani. Wanda ya zo da rani ba zai ga haka ba.

Na aje tuluna na yi wa tafinta bayani. Ya dube ni sama da ƙasa.

"Iya, a ina kika yi karatun gada?"

"A ramin da kake shan ruwansa tun da ka zo," na ce. "Kai dai faɗa mashi."

Maganata doguwa ce, amma abin da ya faɗa wa Baturen bai wuce kalma uku ba. Baturen ya gyaɗa kai ya ci gaba da awonsa.

Damina ta biyu aka yi ruwa mai yawa. Hanya ta yi mashi kaɗan, ya fito ta ƙarƙashin gadar da ƙarfi, ya rarake gindin ginshiƙin har gadar ta durƙusa ta gefe ɗaya. Duk yashin da ya kwaso, a fadamata ya sauke. Na tsaya a tsakiyarta yashi iya cinya, ban ga ko kan rake ba.

Sai aka aiko wani injiniyan, matashi, rana ta mai da shi ja. Shi bai fara da gini ba. Sarƙoƙi ya binne a tsaye cikin yashi, nan da can, ya tafi ya bar su damina guda. Ni kuwa damina guda ina daka da surfe a gidajen mutane. Da kaka ya dawo aka tona, aka iske kowace sarƙa ta kwanta daidai inda ruwa ya ci ya tsaya, ƙasa da inda muke kafa randa. Ya yi ta murna yana rubutawa a littafi. An ce saboda awon nan aka koma zurfafa gindin gada da buɗe wa ruwa hanya a duk ƙasarmu. Sabuwar gadar tana nan, motocin gyaɗa na wucewa ta kanta. Madalla. Ban ce bai yi aiki ba.

Na je wurin dagaci a kan fadamata. Ya ce gada ta gwamnati ce, yashi ruwa ya kawo shi, ruwa kuwa na Allah ne.

"Ranka ya daɗe," na ce, "shekara nawa Allah na aiko ruwan nan, bai taɓa zuba mani yashi ba sai da aka matse mashi hanya."

Ya ce in yi haƙuri. Ƙanen mijina ma haƙurin ya ba ni, ya ƙara da cewa in bar wurin haka nan in kwashi yara in koma gidanmu Fakuwa, ko mutum goma ba su iya kwashe yashin nan.

Da la'asar na bi ta fadamar, ba don komai ba, ƙafa ce ta saba. Na durƙusa a kusurwar gabas na yi ta tono da hannu har kafaɗata ta shige. Can ƙasa na damƙo baƙar ƙasa, da danshinta. Na daɗe zaune a wurin, ko ƙarfin kuka babu.

Da gari ya waye na ɗaura ɗamara, na ɗauki fartanya da masaki, na je kusurwar nan na cika na farko, na ɗora a ka, na nufi ƙorama da shi.