Hular da ke Girma da Mai Ita

Kwanakin baya, a cikin motar haya, wani mutum ya zauna a gabana sanye da hular sanyi ruwan toka. Ban san shi ba, ko fuskarsa ban gani ba. Amma a bakin hular, daidai inda ta naɗe a ƙeyarsa, akwai wani siririn layi shuɗi da ya koɗe, wanda bai dace da sauran zaren ba. Ina ganin layin nan na san abu biyu a kansa: bakwaini aka haife shi, kuma kansa ya taɓa ratsa hannun Inna Mai Hula. Na so in taɓa kafaɗarsa in tambaye shi, ban iya ba. Ya sauka, ya bar ni ina ta mutsu-mutsu a kujera har na isa gida. A ranar na fara wannan rubutu.

Inna ma'aikaciyar wanki ce a asibitin unguwarmu. Ta daɗe da ajiye aikin, amma ba ta ajiye bencin da ke ƙofar ɗakin jarirai ba. Kowace safiya, kafin a gama goge ƙasa, za ka same ta a can, ƙarƙashin tagar da ba ta rufuwa sosai. Jakar zare tana gefen ƙafarta, dogayen tsinkayen saƙa biyu suna hannunta, na ukun kuma, wani guntun ƙarfe lanƙwasasshe, yana soke a ɗankwalinta. Ba ta gaisuwa mai tsawo. Idan ka ce, "Inna, ina kwana," sai ta amsa idonta na kan kanka, tana auna shi.

Hula iri ɗaya take saƙawa, mai tufka. Layukan saƙar suna tashi daga baki zuwa tsakiyar kai suna haye juna, kamar igiyar da aka tuƙa. Wurin hayewar nan ne ɗan ƙarfen yake aiki: ta zare shi daga ɗankwali, ta kwashe 'yan idanun zare a kansa ta riƙe su a gaba, ta saƙa na bayansu, sannan ta dawo ta saƙa su. Wata sabuwar nas ta taɓa tambayarta me ya sa take wahalar da kanta, tunda jariri bai san ado ba.

"Wa ya ce miki ado ne?" in ji Inna. "Hular da ba tufka zamewa take yi ta rufe wa yaro hanci. Wannan kuwa tana kama kai, ba ta matse shi."

Kuma ba ta ƙulli. Idan zare ya ƙare, sai ta ɓarke bakinsa da na sabon, ta jiƙa su, ta murza a tafin hannu har su zama ɗaya. Ta ce maɗigar jariri ba wurin ajiye ƙulli ba ce.

Amma abin da ya sa nake gane aikinta a ƙeyar baƙo shi ne sharaɗinta. Duk bakwainin da ya fita daga ɗakin nan, da hularta yake fita, kuma sai ta ce wa uwar, "Idan ta matse shi, ki dawo min da ita." Idan an dawo da ita, sai ta warware ta kaf, ta wanke zaren, ta shanya shi ya miƙe, ta ƙara sabo, ta saƙa babba. Tsohon zaren kullum a baki take sa shi. Yaro ya yi rarrafe, a dawo. Ya shiga makaranta, a dawo. Wasu har sun yi gemu suna dawowa. Hular tana girma, layin farko yana ƙara sirancewa, amma yana nan.

Yayana yana cikinsu. Mai walda ne, ƙato, sai ya sunkuya yake shiga ƙofar ɗakin Mama. Inna kuwa har yau Ɗan Lemo take ce masa, domin ta ce ranar da aka kawo shi kansa bai fi lemo ba. Hularsa baƙa ce, layin bakinta ruwan ɗorawa. Shi ne ya lanƙwasa mata ɗan ƙarfen da take amfani da shi yanzu, lokacin da na farkon ya ɓace.

Ni ban taɓa yin doguwar hira da ita ba, ba na iyawa. Abin da na sani, daga bakin waɗanda suka gani na ji shi.

Babbar nas ɗin ɗakin, wadda kowa ke kira Sista, ta ba ni labarin wata mata da ɗanta bai rayu ba. Bayan wani lokaci matar ta dawo da hular a naɗe cikin mayafinta, ta ajiye a kan bencin, ta juya za ta tafi. Inna ta ce, "Tsaya, ƙanwata." Ta ɗora tafin hannunta biyu a kan matar, ta auna. Da matar ta sake zuwa, sai ta tarar da hula daidai kanta, da siririn layin ɗanta a baki.

Mama kuma ta ce akwai lokacin da aka buɗe ɗakin masu jinyar da maganinsu ke zubar da gashi. Ba wanda ya aiki Inna. Ta dai ga wata yarinya tana ɓoye kanta da zanin gado, washegari ta hau bene da jakarta.

Sai kuma maza. Duk wanda ya taɓa jiran labari a ƙofar ɗakin nan ya san sintirin da uban bakwaini ke yi: ya je ƙarshen baranda, ya dawo, ya leƙa gilashi, ya ciro waya, ya mayar. Inna takan bar shi ya yi ta yi, sannan ta ce, "Malam, ka gama auna mana barandar? Zo ka riƙe min wannan." Sai ta rataya masa zare a hannu biyu ta shiga naɗewa. Direbobi, malaman makaranta, har wani mai kaki, duk sun zauna a bencin nan hannu a ware kamar masu roƙon ruwa. Kafin zaren ya ƙare, numfashinsu ya dawo daidai.

Ke ce wannan, Inna. Ke ce kika ga cewa mai jira ma majinyaci ne. Ke ce ba ki taɓa tambayar ɗan wane ne ba kafin ki auna kansa. Mai tufka ba ƙulli, sannu da aiki.

A bana hannun ya gaza. Yatsunta sun karkace, da safe ba sa miƙewa sai ta riƙe kofin ruwan zafi. Likita ya ce ta huta. Ɗanta, wanda ke aiki a wani gari mai nisa, ya ce ya gaji da lallashi, ƙarshen mako zai zo ya ɗauke ta. A cikin makon nan ne matar Yaya ta haihu, wata bai cika ba. Namiji, aka sa shi a kwalbar ɗumama jarirai.

Sista ta yi mana bayani a tsaye. Za a gwada fito da shi a ɗora a ƙirjin uwarsa. Idan jikinsa ya riƙe ɗumi, ya kama hanyar gida. Idan ya yi sanyi, kwalba zai koma. Kuma kan jariri, in ji ta, ba ya son iska. Aka duba kwalin da Inna ke tara hulunan jarirai, saura 'yan kaɗan, duk sun yi masa yawa.

Yaya ya cire hularsa ya ɗora wa Inna a cinya.

"Ɗan Lemo, mene ne kuma? Kan ya ƙara girma?"

"A rage ta za a yi, Inna."

Ta daɗe tana kallon layin ruwan ɗorawar nan. "Ni dai tunda nake, gaba nake yi da hula. Ban taɓa komawa baya ba."

"To yau kin samu."

Ta warware ta a wurin. Aka wanke zaren aka rataye a tagar nan, kowa ya wuce sai ya taɓa ya ji ko ya bushe. Ni ma na taɓa, ba sau ɗaya ba.

Bakin hular bai ba ta wahala ba, a hankali ta gama shi. Da ta zo wurin hayewa, nan aka tsaya. Ta kwashe idanun zaren a kan ɗan ƙarfen, hannun ya yi rawa, suka zame. Ta tsince su, suka sake zamewa. Ta warware, ta koma. Ina zaune a ɗaya ƙarshen bencin ina jin ƙarar ƙarfen yana faɗuwa ƙasa, in ɗauko in miƙa mata, ba ta kallona, ni ma ba na kallonta. Wayarta tana ta ruri a cikin jaka, ɗanta ne yana tambayar ko ta haɗa kaya.

Wata gwaggonmu ta kawo hular kanti. Na zaci Inna za ta ji haushi. Sai ta ce, "Ku sa masa mana. Yaro zai jira tsohuwa ne?" Aka gwada masa a cikin kwalbar. Yana motsa kai, ta zamo ta sauka a kan hancinsa. Sista ta cire ta, ta fito ta dubi bencin.

Yaya kuwa ya kama sintiri. Ya je, ya dawo, ya leƙa, ya shafa kansa da ba hula. Takalminsa na aiki yana ƙara a kan siminti.

"Ɗan Lemo, ka ishe ni. Zo ka zauna."

Ya zauna, ya ware hannu biyu yana jiran zare, kamar yadda ya ga ana yi. Sai ta sa masa ɗan ƙarfen a tafi.

"Inna, wannan hannun? Ƙofar gida nake haɗawa da shi."

"Wa ya lanƙwasa ƙarfen?"

"Ni."

"To ai ya san ka. Ni zan yi miƙaƙƙen, kai ka yi hayewa. Kwashe waɗannan. A hankali, ba ƙusa ba ce."

Haka suka yi, kafaɗa da kafaɗa, saƙar tana kai da komo a tsakaninsu. Yatsunsa masu tabon wuta sun rufe rabin hular. Gumi yana ɗiga daga haɓarsa. Masu wucewa suna rage tafiya, wani mai gadi har ya ce, "Maigida, an sauya sana'a ne?" Yaya bai ɗaga kai ba.

Sun yi nisa kafin Inna ta ɗaga hular a hasken taga. Tufka ɗaya, ta farkon da ya yi, ta haye hagu, sauran duk dama. Ya riƙe zaren a baya maimakon gaba. Duk wanda ya san Inna ya san a kan abin da bai kai wannan ba takan warware hula guda.

"Na ɓata, ko?" in ji Yaya.

Ta ja wurin da yatsa, ta ga yana miƙewa yana dawowa. Ta juya cikin ta shafa, ba ƙulli.

"Bar ta. Ta ubansa ce."

Washegari aka fito da yaron. Hular ta zauna a kansa ɗas, layi ruwan ɗorawa a goshi, baƙi a sama. Sista tana shiga tana aunawa tana fitowa, mu kuma muna karanta fuskarta. Inna tana bencinta, hannu ba komai, yatsunta suna motsi su kaɗai a kan cinya. Sai da rana ta yi sosai Sista ta leƙo ta ce, "Ya riƙe." Mama ta zauna a ƙasa inda take tsaye. Yaya ya juya fuskarsa bango.

Inna, na gode. Na gode a madadin Yayana, da ɗansa, da mutumin motar nan da ban san sunansa ba. A gabanki bakina ba ya buɗewa, shi ya sa na rubuta. Allah Ya hutar da hannuwan nan, Ya saka miki da abin da ya fi.

Ku kuma masu karatu, kwalin nan ya kusa zama wayam, kuma ba a daina haihuwar bakwaini ba. Ba sai kun iya tufka ba. Akwai mai warwarewa, akwai mai wanke zare, akwai wanda zai zauna kusa da mai jira ya ba hannunsa abin yi. Idan kuna da hula mai siririn layi a baki tana kwance a akwati, kun san inda bencin yake.

Ranar tafiyarta, ma'aikatan ɗakin suka shirya mata ɗan taro a barandar. Mutane suka zo fiye da yadda aka zata, manya da yara, da yawansu da hulunansu a kai duk da ana rana. Aka zaunar da ita a kujera mai hannu, abin da ba ta saba ba, sai gyara zama take yi. Sista ta tashi ta fara jawabi. Tana cikin yi, matar Yaya ta fito daga ɗakin rungume da jaririn, kowa ya juya yana son ganin hular da mai walda ya saƙa. Aka yi ta dariya ana neman tufkar da ta yi hagu.

Ni ina baya, jikin bango, shi ya sa na gani. Inna ta miƙe a hankali. Ta zare ɗan ƙarfen daga ɗankwalinta, ta zura shi a aljihun rigar Yaya da ke rataye a bencin, ta tura jakar zaren ƙarƙashi da ƙafa. Ta bi ta bayan mutane, tana kallon ƙeyoyinsu ɗaya bayan ɗaya. A bakin ƙofa ta gyara wa wani yaro naɗin hularsa, ta sauka matakala tana dafa bango, ta nufi inda motar ɗanta ke jira.