Ranar da Kawu Ya Fito a Talabijin

Har yau in na ji mai karanta labarai ya gyara murya ya ce "manoma sun bayyana farin cikinsu", sai raina ya ɓaci in tashi in kashe talabijin. Matata ta ce abin ya zame mini ciwo, ban kuma musa mata ba. Na san yadda ake haɗa irin wannan farin cikin, don a gabana aka haɗa wani da bakin kawuna.

Kawu yayan mahaifiyata ne, manomin masara da dawa a Likoro. Ba shi da sarauta, ba shi da boko, amma tun ina ƙarami in mutanen unguwa za su kai kuka wurin hukuma, shi ake sawa gaba. Ba ya ƙari, ba ya ragi, kuma ba a taɓa jin ya dawo da wani abu a aljihu ba. Wannan shaidar ita ce dukiyarsa, ba shi da wata da ta wuce ta.

A wata damina taki ya yi tsadar da sai dai ka tambaya ka wuce. Na tallafin da aka ce za a raba kuwa, a rediyo kawai muke jin sa. Masara ta fara rawaya tun tana iya gwiwa. Ana cikin haka sai ga saƙo wai ma'aikatan wani gidan talabijin za su zo jin ta bakin manoma. Ba a ɓata lokaci ba aka ce Kawu zai yi magana. Ni kuma da yake ina koyarwa a wata firamare a Kudan, aka kira ni in shirya shi, wai ni ne ɗan boko.

Na ce masa, "Kawu, kada injin nan ya firgita ka. Ka yi magana yadda ka saba yi a gaban manya."

Wannan shawarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ita ba.

A wurinmu dattijo ba ya buɗe baki da ƙorafi. Zai yi sallama, ya gode wa Allah, ya gode wa baƙo da ya tako, ya gode wa shugabanni ko da ba su tsinana masa komai ba. Sai ya gama wannan zai ce "sai dai fa", daga nan maganar take farawa. Duk abin da ya zo kafin nan shimfiɗa tabarma ce kawai, kuma ko matan cikin gida sun san haka.

Suka zo da hantsi su uku, direba, da mai kyamara, da wata matashiya mai riƙe da makirufo. An share zaure, an dama fura, mutane sun taru. Suka leƙa suka ce babu haske. Suka ɗauki Kawu a mota, da ni da wani maƙwabcinsa, zuwa bakin titi, suka tsayar da shi a gaban gona ɗaya tilo da ta yi shar, ta wani ɗan kasuwa da ya sayi taki da kuɗinsa.

Kawu ya ce, "'Yata, wannan ba gonata ba ce fa."

Ta ce, "Ba komai Baba, hoto ne kawai. To Baba, ya daminar bana?"

Ya gyara hula ya ce, "Alhamdu lillahi, sai godiya. Ruwa ya sauka, muna lafiya. Muna godiya ga Allah, muna godiya ga hukuma, Allah Ya saka da alheri."

Sannan ya ce, "Sai dai fa," ya kwararo. Ya faɗi yadda aka rubuta sunaye har sau biyu ba a ga ko mudu ba. Ya faɗi matan da suka sayar da awakinsu, da masu barin rabin gona ciyawa ta cinye. Ban taɓa jin ya yi magana mai kyau irin ta ranar ba. Na dai lura mai kyamarar yana amsa waya, amma na ɗauka ai injin yana ji.

Bayan kwana biyu aka sa labarin. Muka cika shagon mai cajin waya bayan La'asar, manya da ƙanana. Sai ga Kawu, ga koriyar masara a bayansa, yana godiya ga Allah, yana godiya ga hukuma. Yana rufe baki a kan "Allah Ya saka da alheri" aka koma kan mai labarai, ya ce manoman yankin sun yaba da rabon taki. Shi ke nan.

Can wani daga baya ya ce, "To, an ba shi nasa buhun ke nan."

Na juya na rantse da Allah ya faɗi komai, yankewa aka yi. Aka ce ai ɗan ƙanwarsa ne, me kuke so ya ce? Maƙwabcin nan ya ba da shaida, aka ce shi ma ai ya shiga motar. Kuma waccan gonar fa, ta wa ce? Me ya kai shi can in ba an shirya ba?

Na nemi lambar matashiyar na kira ta. Ko a jikinta. Ta ce, "Malam, minti ɗaya aka ba mu. Kuma ai da bakinsa ya faɗa."

Da bakinsa! Bahaushiya ce fa, ba daga wata ƙasa aka kawo ta ba. Na tabbata in ta je gida ta gaishe da mahaifinta yana kwance ba lafiya, "da sauƙi" zai ce mata, kuma ba za ta kori likita don haka ba. Sun sani sarai. Abin da ke ƙona mini rai ke nan da waɗannan mutanen. In ka zo musu da ladabi su yanke ka a tsakiya, in ka zo da ihu da zagi su kira ka mai sharhi su ba ka kujera da ruwan roba. Kullum ga su nan sun jera suna katse juna a kan talaka, alhali da talakan ya tsaya a gabansu minti ɗaya suka iya ba shi.

Abin bai tsaya a talabijin ba. Samari suka ciro muryarsa suka riƙa ɗora ta a kan bidiyo. Mota ta kafe a taɓo ranar kasuwar Maƙarfi, sai ka ji Kawu yana "sai godiya". Akuya ta faɗa rijiya, "sai godiya". Wani abokina a Ikara ya turo mini ɗaya da hoton dariya, bai san wane ne ba. Mutumin da ko waya mai hoto bai taɓa riƙewa ba, shi ya zama abin dariyar yaran da ya je sunan iyayensu.

Kawu bai yi faɗa da kowa ba. Abu ɗaya ya tambaye ni, "Shin yanzu ba a gaisuwa ne a can birni?"

Da masara ta fara fitar da goyo aka sake shirya tafiya wurin hukuma a kan maganar takin. Ranar na je gaishe shi da safe, na tarar ya sa babbar rigarsa ta Juma'a yana zaune a zaure. Ba wanda ya aiko masa, amma shekara da shekaru ba a taɓa buƙatar aike ba. Muka ji ƙarar motar masu tafiyar ta taso daga wajen masallaci. Ta zo ta ƙofar gidan, mutum biyar a ciki, duk ya girme su. Ɗaya ya ɗaga masa hannu, motar ta wuce.

Ya daɗe yana kallon hanya. Sannan ya miƙe ya cire rigar, ya ninke ta a hankali ya miƙo mini, ya ce in kai ciki in ɗauko masa fartanya.